Amsa ga Kawu kan maganar riya

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Kawu, na saurari muryarka ta daren jiya, inda kac ce masu yaɗa labarin wane ya taimaki wane riya ce kawai suka yi, a bar sadaka tsakanin bawa da Ubangijinshi. To Allah shi ƙara girma, rabi na yarda, rabi ban yarda ba.

Ai ko cikin Baƙara, aya ta 271, an ce in kun bayyana sadaka to madalla, in kun ɓoye kun ba mabukata shi ya fi muku alheri. Ka ga ba a hana bayyanawa ba ke nan. Kuma da ba a ba da labari ba ina za mu san Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ma jama'a su sha kyauta? Yau mai kuɗi nawa ne ke yin bohol a unguwa don ya ji wanga labari wurin wa'azi?

Ko na limamin nan na Nghar Yelwa a Filato, Malam Abubakar Abdullahi, da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 cikin masallaci da gidanshi a 2018, maharan sunka zo ya hana su shiga. Shi bai kira ɗan jarida ba, wasu sunka faɗa, har Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Wallahi ranar da na ji shi jikina ya yi sanyi.

Amma bari in kawo ka gida Gusau. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a unguwarmu, kullum in ta kusa tashi sai ta rage kaskon ƙarshe ba ta sayarwa, yaran 'yan gudun hijiran nan da 'yan bindiga sunka koro daga ƙauye su take ƙulla ma a leda, har da ɗan yaji, kowa uku uku. Ba wanda ya lura sai da wani ɗan acaɓa ya faɗa a majalisa. Kawu, mai markaɗe ya daina karɓar kuɗinta, mai shago ya fara aiko mata da tiyar wake, ni kaina da nike wucewa kullum ban taɓa tunanin komi ba sai da kunya ta kama ni. Da ɗan acaɓan ya yi shiru hwa?

Inda nike bayanka ɗari bisa ɗari shi ne masu ɗora kyamara kan fuskar talaka, a ba tsohuwa taliya biyu a ce ta ɗaga sama ta yi addu'a a sa a TikTok, wanga cin mutunci ne, ko ni share su nike. Ita ma tana da 'ya'ya da surukai da za su gani.

Don haka wanda duk ya san irin labarin mai ƙosan nan ya kawo mana nan gurup, amma ban da hoto, ban da sunan wanda anka ba. Kawu in da gyara ina saurare, a gaida su Inna.