Filin Lafiyar Dabbobi: Gyambon Karena Ya Daina Jin Allura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, Allah Ya ƙara basira. Ni mafarauci ne a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari, kuma ina da kare baƙi mai suna Duna wanda muka shekara huɗu muna shiga daji tare. A farautar ranin da ya wuce ya dawo da rauni a kafaɗa, na sayo kafso mai ja da rawaya a kemis na barbaɗa masa, na kuma ba shi a cikin tuwo kwana uku, har bakin ciwon ya rufe. Bayan mako biyu sai wurin ya kumbura ya fashe da mugunya. Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari na sayo allurar da ake yi wa shanu, aka yi masa sau biyu, daga baya wani ya ba ni shawarar allurar penisilin, ita ma aka yi. Yanzu wata na uku ke nan, gyambon yana tsiyaya, ƙuraje sun feso masa a ciki da cinyoyi, gashi yana zubewa. Abokan farauta sun ce jikinsa ne ya saba da magani. Wace allura ce ta fi waɗannan ƙarfi in saya?
Daga wani mafarauci, karkarar Gumel, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya saka maka da alheri bisa kulawar da kake yi wa wannan dabba, domin ba kowa ne zai yi wata uku yana jinyar kare ba. Sai dai ina roƙonka ka dakata da sayen allura daga yau, saboda a halin da Duna yake ciki kowace sabuwar allura da za a yi masa a kan hasashe tana iya ƙara dagula al'amarin.

Maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, amma sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Jikin kare ba ya sabawa da irin waɗannan magunguna. Ƙwayoyin cutar da ke cikin gyambon, wato bakteriya, su ne suke bijire wa magani. Duk manomin wake ya san irin wannan: idan aka yi feshi da maganin da aka cika wa ruwa, ƙwarin da ba su da ƙarfi sukan mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, kafin a ankara maganin da ya yi aiki bara ya zama kamar ruwan rijiya. Haka abin yake a cikin miki, sai dai ya fi sauri nesa ba kusa ba, domin wasu bakteriya sukan rabu gida biyu cikin kimanin minti 20 zuwa 30 idan suka sami wurin da ya yi musu daɗi. Kafso na kwana uku ya kashe masu rauni ya bar masu ƙarfi, allurar shanu da aka yi sau biyu ba tare da an auna nauyin karen ba ta sake tace su, penisilin ya zo ya tarar da waɗanda suka riga suka gagara. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, inda ya nuna cewa wanda ya sha magani ƙasa da kima yana koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure masa ne.

Ƙwayar da ta fi haddasa ƙuraje da maruru a fatar kare ita ce Staphylococcus pseudintermedius, wadda take zaune a hancin karnuka masu lafiya da fatarsu ba tare da ta cutar da su ba, sai fata ta sami rauni sannan ta kutsa. Tun wajajen shekarar 2005 likitocin dabbobi a ƙasashe da dama suke fama da wani nau'inta da ake kira MRSP a taƙaice. Wannan nau'i ya sauya ɓangaren jikinsa da dangin penisilin suke kamawa, don haka penisilin da amfisilin da amoksisilin da Ampiclox, har da seftirayazon da ake ji da ita a asibitocin mutane, duk ba sa yi masa komai, kuma sau da yawa yakan haɗa da bijire wa tetirasaikilin, wanda shi ne ke cikin kafson da ka saya kuma ɗan'uwan allurar shanun nan ne. Ka ga ke nan magunguna uku ka yi amfani da su, amma a haƙiƙa gida biyu kawai ka zagaya.

Hanyar da za a bi a san gaskiya ita ce gwaji. Likita zai ɗebo mugunyar da auduga mai tsabta a tsinke, a shuka ta a faranti a ɗakin gwaji, idan ƙwayoyin suka tsiro a ɗora musu ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, sannan a duba wanne ne ya hana su yaɗuwa. Aikin yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci ya ɗan haura. Ka fara da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku, domin malaman dabbobi sun san inda suke aika samfuri. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana wannan aiki, haka ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. Na san tafiyar tana da nisa ga mutumin ƙauye kuma kuɗin mota ba wasa ba ne, amma idan ka haɗa abin da ka kashe a wata ukun nan za ka ga bai gaza kuɗin gwajin ba. Ka tafi da kwalabe da fakitin duk abin da aka ba shi, domin likita yana bukatar sanin abin da aka riga aka gwada.

Akwai kuma abin da na fi zargi a labarinka, wato yadda ciwon ya rufe sannan ya sake fashewa a wuri guda. Gyambon da yake yin haka sau da yawa akwai abin da ya maƙale a cikinsa, ƙaya ko guntun kara ko tsinin ƙaho, ko kuma mataccen nama da ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, inda jini ba ya isa balle maganin da jini ke ɗauke da shi. Muddin ba a buɗe wurin an cire wannan abu an wanke ba, ko da an dace da maganin da ya fi kowanne dacewa ciwon zai dawo. Zubewar gashi da ƙurajen ciki kuma suna sa ni tunanin ƙazuwa ko ƙuma ko kaska, waɗanda ke sa kare susa har ya yayyage fatarsa da kansa. Ƙazuwa ƙananan ƙwari ne ke kawo ta, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa su, sai an kankaro fatar an duba a madubin likita an ba da nata maganin.

Kafin ka samu zuwa, ga abin da za ka iya yi a gida, kuma kada ka raina shi, domin ƙurajen saman fata da yawa wanki kaɗai ke warkar da su ko da ƙwayar mai bijirewa ce. Ka aske gashin da ke kewaye da gyambon, ka tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya-wata guda ɗaya, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, idan ya huce ka wanke ciwon da shi safe da yamma har mugunyar ta fita. Ka nemi sabulun ruwa mai sinadarin kuloheksidin na kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari a shagon magungunan dabbobi, ka riƙa yi masa wanka da shi sau biyu ko uku a mako, kana barin kumfar ta yi minti 10 a jikinsa kafin ka ɗauraye, amma ka kiyaye idanu da cikin kunne. Zuma mai kyau wadda ba a gauraya ba tana taimaka wa buɗaɗɗen miki idan aka shafa aka rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda. Baƙin mai da fiya-fiya da Izal da wasu ke shafa wa karnuka guba ne da fata ke tsotsa, karen kuma ya lashe. Haka nan kada ka ba shi farasitamol ko ibufurofen ko dikulofenak na mutane, domin suna lalata hanta da ƙoda da cikin kare.

Idan sakamako ya fito aka rubuta magani, a auna nauyin karen tukuna, kuma ka sani ciwon da ya yi zurfi irin wannan jinyarsa ta makonni ce, kuma likita ne zai duba ya ce a tsaya, ko da ido ya ga kamar an warke. Wasu daga cikin magungunan da kan rage suna aiki a irin wannan hali suna da haɗari: jentamaisin yana iya taɓa ƙoda da ji, enrofuloksasin kuma yana lalata guringuntsin gaɓoɓin kwikwiyon da bai gama girma ba. Akwai kuma waɗanda aka keɓe don ceton ran ɗan Adam, irin su bankomaisin, waɗanda Tarayyar Turai ta haramta amfani da su ga dabbobi, kuma ni ma ba na goyon bayan a taɓa su saboda kare, komai darajarsa a wurin mai shi. A hutar da Duna daga farauta, a ware shi daga sauran karnukan, a kuma ƙara masa abinci mai nama ko kifi, domin tuwo zalla ba ya gina fata.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Maigidana yana da karen gadi a gidan gonarmu, kunnensa ɗaya yana fitar da ruwa kore-kore mai wari, an ɗiga masa maganin ido na mutane an gaji. Yarana suna wasa kusa da shi. Shin za su iya ɗauka?
Daga wata uwa, karkarar Ɗambatta, Jihar Kano.

AMSA: Barka kadai Hajiya, kuma tambayarki ta zo a kan gaɓa. Ruwan kunne mai launin kore da wari yakan nuna wata ƙwaya da ake kira Pseudomonas, wadda tun asalin halittarta ba ta jin yawancin magungunan da aka saba da su, don haka a daina ɗiga masa komai har sai likita ya leƙa ya tabbatar dodon kunnen bai fashe ba, saboda wasu magungunan suna kurumtar da kare idan suka wuce ciki. Game da yara kuwa, mai lafiyayyar fata ba kasafai yake ɗauka ba, amma haɗarin yana ga jariri da tsoho da mai ciwon suga da duk mai buɗaɗɗen rauni ko ƙuna. Ƙwayoyi masu bijire wa magani suna yawo tsakanin mutum da dabba ta kowane ɓangare, kuma wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kuma ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Saboda haka a hana yaran taɓa shi har ya warke, wanda ke yi masa wanki ya sa safar hannu ko leda ya kuma wanke hannu da sabulu, a ƙona audugar da aka goge kunnen da ita, a ware masa kwanonsa, a riƙa shanya buhun da yake kwanciya a kai a rana. Idan maigida ya kai shi asibitin dabbobi, ki tuna masa ya tambaya a yi wa karen allurar rigakafin haukan kare in ba a yi masa ba a cikin shekarar nan.