Fangalin da ke shayar da kansa da ruwan sama

Tambaya: Malam, a Gombe nake da zama, kuma kowace bazara alayyafo da tumatir ɗin da na shuka a tsakar gida sai su bushe saboda tsadar ruwan 'yan garuwa. Shin gaskiya ne akwai fangalin da ke shayar da kansa da ruwan sama?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne, kuma aikinsa irin na lagwanin fitila ne, domin ƙasa ce ke zuƙo ruwan da aka ajiye a ƙarƙashinta zuwa saiwar shuka. Za ki sa magini ya ɗaga miki fangali mai tsayin santimita 55 da bulo, a shimfiɗa leda mai kauri a ciki yadda ruwa ba zai yoyo ba, sannan a zuba tsakuwa da yashi mai kaurin santimita 25, a kafa bututun zuba ruwa a kusurwa har ya kai gindi. A kan tsakuwar a shimfiɗa buhun algarara, a ɗora ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki.

Abu biyu nake roƙon ki kula da su sosai, domin a nan aikin yakan lalace. Kada kaurin ƙasar ya wuce santimita 30, saboda danshi ba ya hawa fiye da haka da ƙarfi. Sannan dole a huda kafar fitar da rarar ruwa daidai inda tsakuwa ta ƙare, in ba haka ba ruwan Agusta zai cika fangalin, saiwa ta ruɓe, ki ga ganye ya yi rawaya alhali ƙasa a jiƙe take.

Batun tara ruwan saman da za ki ajiye a tanki ki riƙa zubawa ta bututun da rani kuwa, lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na kwano yana ba da lita 1, wato rufin murabba'in mita 50 zai iya ba ki kusan lita 1,000 a ruwan milimita 20. Ki bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin ki juya indararo zuwa tanki, ki kuma rufe bakin tankin da na bututun saboda sauro.

Sai dai fangali mai mita 1 a faɗi da mita 2 a tsawo zai iya shan fiye da lita 10 a rana a zafin Maris da Afrilu, don haka girman tankinki ne zai yanke miki yawan fangalin da za ki gina. Ni dai shawarata ki fara da guda ɗaya, ki rufe samansa da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ki riƙa yayyafa wa sabon dashe ruwa ta sama har sati biyu kafin saiwarsa ta kai ga danshi.