Yaya, ba tsaurin ido ba ne

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Kin tambaye ni abin da ya sa yaranmu na Bronx, a nan birnin New York, suke magana kamar manya, da yadda aka yi muka zuba musu ido suna bin kyamara da zane da waƙa. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya.

Yawancin iyayen da ke nan, na Kano da Damagaram da zangon Kumasi da Nima ta Accra, da girmansu suka iso. Maigida yana tuƙa tasi, uwargida tana kitso ko kula da tsofaffi a gidajensu, wani lokaci can take kwana. Yaro kuwa da ya ɗan daɗe a makaranta Turanci ya zauna masa a baki. Daga nan shi ke karanta wasiƙar mai gidan haya, shi ke kiran kamfanin wuta, shi ke cika takardun inshorar lafiya. Doka ta wajabta wa asibiti ya kawo tafinta kyauta, amma kafin a samo mai jin Hausa ta waya, uwa ta gaji da jira, sai ta juya ta ce, "Ke, gaya masa." Yarinya 'yar shekara 11 ta riga mahaifiyarta jin sakamakon gwajin jini. Ta san kuɗin haya, ta san watan da bai cika ba. A gida ana rufa wa yaro irin wannan, mu nan mun rasa da me za mu rufe, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ga kuma aiki. A New York yaro yana shekara 14 zai karɓi takardar izinin aiki, ya yi awa 3 a ranar makaranta, kada ya wuce awa 18 a mako. Da zafi birni yana ɗaukar matasa aiki na mako 6. Kuɗin farko sau da yawa hannun uwa yake shiga, wani ma har ku yake isowa.

To yaron da ya ɗauki wannan kaya, ranar da ya ce yana son ya yi jarrabawar shiga LaGuardia, makarantar gwamnati ta kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a Manhattan, wadda ba a biyan ko sisi amma sai an gwada hazaƙarka, da wane baki za ki ce masa bai isa ya san abin da yake so ba? Jiya shi ya yi miki magana da likita. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma unguwar tana da nata tarihin: a nan Bronx, a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick, wani matashi da iyayensa suka kawo daga Jamaika ya kaɗa faifai a 1973 a taron da ƙanwarsa ta shirya don ta sami kuɗin kayan makaranta, kuma daga nan ake lissafa farkon kiɗan hip-hop. Yaranmu sun san labarin nan sarai.

Yadda muke yi shi ne ciniki. Islamiyyar Asabar da Lahadi ba a taɓa ta. Karatun da zai ba da abinci, nas ko kwamfuta, sai an gama shi. Abin da ya rage nasa ne. Hoto da ɗinki da lalle sun fi samun shiga, domin kowane suna da biki ana neman mai ɗaukar bidiyo, kuma gara namu da na waje. Waƙa ce ake jan daga a kanta. Dattawa har yanzu da idon roƙo suke kallonta, sai yaro ya koma yinta a ɓoye cikin ɗaki da waya, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro a kan wanda yake yi a gabana.

Cinikin nan yana da tsada a kansu. Makaranta da safe, shago da yamma, ƙanne da magariba, aikin da suke ƙauna sai tsakar dare. Ni tawa 'yar na daina zuwa asibiti da ita, komai daɗewa tafinta nake jira. In mun zo hutu kika ga tana duban babba a ido tana ba da amsa, ki ja ta gefe ki koya mata yadda ake yi a gida, za ta ɗauka. Amma don Allah kada a yi mata a gaban mutane.