Tsadar Gida a Gundumar Montgomery: Kasuwa Ce ko Wariya?

Tambaya: Malam, ina zaman haya a Silver Spring, gundumar Montgomery ta jihar Maryland a Amurka. Kullum sai a ce tsadar gida a nan tana da nasaba da launin fata. Ba an daɗe da haramta wariya ba? Ni a ganina kasuwa ce kawai.

Amsa: Ɗan'uwa, kasuwa ce, amma wa ya shata mata iyaka? A da, takardun gidaje da dama a unguwannin da ke dab da Washington suna ɗauke da sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata. A 1948 Kotun Ƙoli ta hana tilasta wannan sharaɗi, dokar 1968 kuma ta haramta wariya a harkar gidaje. Amma kafin nan an riga an raba gari. Wanda kakansa ya sayi gida da araha a wancan zamani, yau da gadon yake biyan kafin alƙalami. Mutanen Lyttonsville kuwa, tsohuwar unguwar baƙar fata da ke kusa da kai, sai a shekarun 1960 zuwa 1970 suka ga kwalta da ruwan famfo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar tsara filaye. Mafi yawan filayen zama an ware su ne don gida guda na iyali guda. Dokar ba ta ambaci launin kowa ba, amma mai ƙaramin ƙarfi take korewa, kuma tarihi ya riga ya zaɓi su wane ne masu ƙaramin ƙarfin.

Gundumar dai ba ta naɗe hannu ba. Tun 1974 take da shirin gidaje masu sauƙin farashi mai suna MPDU, wanda a yau ke wajabta wa mai gina gidaje 20 ko fiye ya ware kashi 12.5 zuwa 15 cikin ɗari a farashi mai sauƙi, a cikin unguwar, ba can gefen gari ba. Binciken Heather Schwartz na 2010 ya nuna yaran talakawan da suka zauna a unguwannin masu hali sun fi takwarorinsu da ke unguwannin talakawa ƙoƙari a lissafi. Matsalar shirin ita ce in ba a gini, ba abin da za a ware.

Tunda haya kake, ka sani dokar 2023 ta hana ƙarin haya a yawancin gidaje ya wuce kashi 6 a shekara, ban da sababbin gine-gine. In kana son saye, ka nemi shirin MPDU a sashen gidaje na gunduma. Sai ka halarci darussansu, su kuma duba abin da kake samu, kafin su ba ka takardar cancanta.