Amsa ga mai neman babbar wuƙar shiga daji

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kai da abokanka za ku fara fita daji kuna kwana biyu ko uku, kana neman babbar wuƙa mai sauƙin kuɗi da za ta sari itacen wuta, ta share wurin kafa tanti, ta kuma yanka nama. Ka haɗo da hoton wata mai sheƙi, mai haƙora a bayanta da ƙota mai rami. Don Allah ka haƙura da wannan ta hoton. Na taɓa sayen irinta.

Na daɗe ina kwana a gona lokacin kaka, wani lokaci kuma mukan je kamun kifi gefen dam ɗin Tiga mu yi kwanaki. A farkon fitata na sayi irin taka ɗin nan, har da murfi a ƙarshen ƙotar wai na ajiye ashana. Rana ta biyu ina saran wani busasshen reshe, sai ƙarfen ya fice daga ƙota ya wuce ta gefen ƙafar ɗan yayana da ke tsugune yana hura wuta. Allah ne ya tsare. Da na ɗauko na duba, ashe ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba ya shiga ƙotar, an ɗaure shi da noti ɗaya. Tun ranar, abin da nake fara dubawa a kowace wuƙa shi ne ko ƙarfen ya zarce har ƙarshen ƙota. Ka juya ta, ka ga ƙarfen yana leƙowa tsakanin katako biyu daga sama har ƙasa, an kama shi da ƙusoshi biyu ko uku. Idan ba ka gani ba, ajiye musu kayansu komai kyanta.

Ni a ganina ma aikin da ka lissafa ba na wuƙa ɗaya ba ne. Wadda ta yi nauyin da za ta sari ice ba za ta yi maka daɗin fiɗa ko gyaran kifi ba, kuma da ka sari itace da ita sau goma kaifin da kake so wa nama ya tafi. Ka sayi adda, ka ƙara da ƙaramar wuƙa mai tsawon kamar inci 4. Sau da yawa kuɗin biyun a haɗe bai kai na waccan mai sheƙin ba.

A adduna na kanti, biyu na yi aiki da su sosai: Tramontina ta ƙasar Birazil, da Martindale mai tambarin kada, wadda asalinta daga Ingila ne kuma manoman Afirka ta Yamma sun daɗe da saninta. Dukansu ƙarfensu siriri ne, ba su gajiyar da hannu a ciyawa da ƙananan rassa. Mai inci 18 ta fi daɗin shara, amma in a jaka za ka riƙa ɗauka, nemi mai inci 12 zuwa 14. Ka sani sabuwa takan zo ba kaifi sosai, sai ka bi ta da magagari kafin ka fita. Akwai jabu da yawa a kasuwa, saboda haka ka je da wanda ya saba saye.

Wadda na fi ji da ita kuwa maƙeri ne ya ƙera mini da tsohon sifirin mota. Kada ka raina wannan ƙarfen. An yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo a ƙarƙashin lodi, shi ya sa yake jure sara ba ya saurin karyewa. Ko maƙeran Nefal da ke ƙera shahararriyar wuƙarsu kukri, da irin sifirin nan da yawansu suke aiki. Sai dai a nan hannun maƙerin ne komai, musamman wajen gasa ƙarfen da tsoma shi. In ya yi tauri da yawa, bakin zai riƙa tsinkewa yana giɓi da ka sami ƙulli a ice. In bai yi ba, ya dakushe ko ya naɗe tun kafin a gama haɗa itacen dare. Yadda nake gwadawa: in goga magagari a bakin. Idan ya ci ƙarfen da sauƙi kamar sabulu, ya yi laushi. Idan ya zame sam bai kama ba, ya yi tauri. Wanda nake so shi ne ya kama kaɗan da ƙyar. Daga nan in roƙi maƙerin ya bar ni in sari busasshen ice a gabansa, in sake duba bakin a rana. Maƙerin da ya yarda da aikinsa ba ya hana wannan. Ka ce masa ƙotar ta zama ta ƙirya ko marke, kada ya goge ta ta yi santsi, don hannu mai gumi ba ya riƙe santsi. Ni har tsohon tub na keke nake naɗa wa tawa.

Irin wannan ƙarfen yana tsatsa, da na maƙeri da na addunan kanti duka. Wanda ba ya tsatsa ya fi dacewa da ƙaramar wuƙar da za ta sha ruwa da jinin kifi, amma mai arha cikinsa ba ya riƙe kaifi. Maganin tsatsa sauƙi gare shi: goge, busar, shafa man gyaɗa ko man kaɗanya. Ban da baƙin mai tunda za ta taɓa abinci. Da damina kada ka bar ta ta kwana cikin jiƙaƙƙen kube.

Kuben ma ka sa shi cikin lissafin kuɗinka. Kai wa baduku ya ɗinka da fata mai kauri, ya sa ƙarin fata a gefen da kaifi ke kwanciya don kada ya yanke ɗinkin.

Sai maganar ɗauka, wadda nake roƙonka kada ka yi wasa da ita. Ka san halin da ake ciki da matsalar daba, jami'an tsaro ba sa wasa da matashin da aka gani da wuƙa a ƙugu cikin gari. Naɗe ta a buhu, ka sa ta ƙasan jaka tare da tanti da tukunya, kada ka fito da ita sai kun isa inda za ku kwana. Ka jefa ƙaramin dutsen wasa wuƙa a jakar, don a kwana uku sai kun wasa addar aƙalla sau biyu.