Lambar ORCID: saya ake yi ko kyauta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwaleji a Daura. Na tura maƙala ga wata mujalla, suka ce ba za su duba ta ba sai na saka lambar ORCID. Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai samo mini idan na biya, wai kowace maƙala da lambarta. Lokacin ƙarin girma ya matso, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, mujallar ba ta nemi wani abu mai wuya ba. Sunayenmu ne suka jawo hakan. Idan aka ga "Abubakar, M." a kan maƙala, Musa ne ko Maryam? Mutum ɗaya zai rubuta Muhammad yau, gobe Mohammed, jibi ya ƙara sunan garinsu, Mani ko Kankiya, mace kuma ta yi aure ta koma amfani da sunan mijinta. Don raba wannan gardama aka buɗe ORCID a 2012, lamba mai gurbi 16 da ke bin marubuci duk inda ya koma aiki, kuma daga 2016 masu buga mujallu irin su PLOS suka fara wajabta ta.

Maganar mai shagon nan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma na gaji da jin ta. Rajistar kyauta ce, mintuna kaɗan take ɗauka, kuma lamba ɗaya tak mutum yake riƙewa har tsawon rayuwarsa. Kwanan baya wani malami a nan Katsina ya zo ofishina da lambobi uku a rubuce a bayan ambulan, kowace da maƙala ɗaya a ƙarƙashinta, ga shi duk da imel ɗin yaron shago aka buɗe su, yaron kuma ya tashi daga unguwar da kalmomin sirrin. Ana iya haɗe lambobin da suka maimaitu, amma sai mutum yana da ikon shiga kowannensu. Wato ya biya kuɗi an tarwatsa masa aikin da aka ƙirƙiro lambar don ta tattara. Abin takaicin shi ne masu digiri na uku ma suna faɗawa wannan tarko saboda ƙyuyar cike fom.

Ki shiga shafin orcid.org da kanki, ki yi rajista da imel ɗinki, sannan ki ƙara na biyu wanda ba na wurin aiki ba, domin na kwaleji yana iya rufewa ranar da kika bar ta.