Jan Fitilar Ƙofar Ɗakin X-ray: Ko Za a Iya Jinkirta Ta?

Wani ɗan kasuwa da ya haɗa jari da wani likita suka buɗe ƙaramin asibiti ya rubuto cewa sun sayi na'urar ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, kuɗi sun yi ƙasa, mai haɗa na'urar kuma ya ce sai an saka jan fitila a saman ƙofa. Yana tambaya ko takardar gargaɗi za ta wadatar kafin ciniki ya kankama.

Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan jari. Takarda ba za ta wadatar ba, domin abin da take faɗa shi ne a nan ake ɗaukar hoto, fitila kuwa tana sanar da cewa yanzu ake ɗauka. Hasken X-ray ba a ganinsa, ba a jinsa a jiki, saboda haka mai jinya da ya turo ƙofa zai miƙa wa mara lafiya ruwa, ko mace mai juna biyu da ta ɓata hanya, ba su da abin da zai tsayar da su sai wannan fitila.

A Najeriya hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya, wadda dokar 1995 ta tanadi kafa ta, ita ke ba da lasisin amfani da irin wannan na'ura, kuma jami'anta sukan duba darmar da ake sa wa ƙofa don tare hasken, kaurin bango, alamar nan ta haɗarin hasken mai fuka-fuki uku, da fitilar gargaɗi. Idan aka dakatar da ku, kuɗin haya da albashin mai ɗaukar hoto da bashin na'ura ba za su jira ba, alhali kuɗin fitilar bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na na'urar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa ta. Kada ku yarda da fitilar da ake kunnawa da hannu, domin ranar da layi ya yi tsawo ma'aikaci zai manta. A haɗa ta da na'urar, ta kama da kanta duk lokacin da za a saki haske. Sannan a tabbatar wuta ɗaya suke sha, don idan na'ura tana kan janareta, fitila kuma tana kan layin NEPA, da zarar an ɗauke wuta sai a ci gaba da ɗaukar hoto ƙofa tana duhu.

Kafin ka biya mai haɗin cikon kuɗinsa, ka tsaya a waje da kanka ya gwada ta a kan wutar gari da ta janareta, ya rubuta maka a takardar aiki, ku kuma ajiye littafin da ake rubuta gwajinta kowace safiya don nuna wa jami'ai.